Iliya Mecnikof, Masanin da Ya Nemi Maganin Tsufa a Cikin Nono

Kowa ya san nono yana da tsami, amma ba kowa ya san abin da ke kawo tsamin nan ba. Waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da a ke kira bakteriya, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, su ke shiga madara su cinye zaƙin da ke cikinta, su mai da ita kindirmo. Galibinmu in muka ji an ambaci bakteriya sai cuta ta faɗo mana a rai, domin haka aka fara koya mana a darasin kiwon lafiya. To, ashe a cikinsu akwai na ƙwarai. Mutumin da ya fara jawo hankalin duniya ga wannan magana shi ne Iliya Mecnikof, wani masani daga ƙasar Rasha, wanda ya rasu yau fiye da shekara ɗari. Na ga ya kamata in kawo tarihinsa a wannan mujalla tamu don 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, gama tarihi ne na mutumin da ya yi daidai a wani wuri, ya yi kuskure a wani, kuma har yau likitoci suna cin moriyar aikinsa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Iliya ran 15 ga watan Mayu, 1845, a wani ƙauye mai suna Ibanofka, a jihar Karkif. A zamanin nan wurin yana ƙarƙashin Sarkin Rasha, amma yanzu yana cikin ƙasar Yukren. Shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Ubansa hafsa ne a rundunar dogaran sarki, uwarsa Emiliya kuwa 'yar wani marubuci ce Bayahude.

Tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya, har mutanen gidansu suka yi masa laƙabi da zaiba, ruwan ƙarfen nan da ba ya kamuwa a hannu. Abin da ya fi so shi ne yawo cikin saura yana tara ganyaye da ƙwari. In ya komo gida sai ya tara yayyensa da sauran yara ya yi musu lacca a kan abin da ya samo, kuma don kada su watse, sai ya biya su da 'yan kuɗin kashewar da a ke ba shi. Kun ji malamin da ke biyan ɗalibansa.

A 1856 aka sa shi makarantar sakandare a birnin Karkif, ya gama a 1862 da lambar zinariya. Da farko aikin likita ya so ya koya, amma uwarsa ta lura yana da raunin zuciya, ba zai iya jure ganin mutane cikin wahala kullum ba, sai ta ba shi shawara ya karanta ilmin halittu. Ya bi maganarta. Saboda ɗoki sai ya kama hanyar Jamus don shiga wata jami'a a can, ya isa makonni da dama kafin a buɗe makaranta, ga shi bai san kowa a garin ba. Kewar gida ta kama shi, ya juyo. Sauri ya haifi nawa. Da ya dawo ya shiga jami'ar Karkif, karatun da a ke yi shekara 4 ya gama shi cikin shekara 2, yana ɗan shekara 19.

Neman ilmi da jarrabawar rayuwa

Daga nan ya shiga yawon neman ilmi a Jamus da Italiya, yana nazarin ƙananan halittun teku da tsutsotsi. A 1865, yana garin Gisen na Jamus, ya lura da wani abu a jikin wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa. Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kamar yadda a ke gina ɗaki da tubala. To, a jikin tsutsar nan ya ga waɗansu ƙwayoyin suna haɗiye abinci su narkar da shi a cikinsu, kowace da kanta. Ya rubuta abin da ya gani ya wuce, bai san wannan ne zai zama tushen sunansa nan gaba ba. Daga baya ya sami digirinsa na dokta, a 1870 kuma aka naɗa shi shehun malami a jami'ar Odesa, yana da shekara 25 kacal.

A wajen iyali kuwa duniya ba ta yi masa da sauƙi ba. A 1869 ya auri wata mace mai suna Ludmila, wadda tarin fuka ya riga ya ci ƙarfinta, har ranar ɗaurin aure sai a kan kujera aka ɗauke ta zuwa coci. Ya kashe abin hannunsa wajen nema mata magani da canjin iska, amma a 1873 ta rasu a tsibirin Madera. A lokacin shi ma idanunsa suna ciwo, yana tsoron makanta. Baƙin ciki ya rufe shi har ya yi yunƙurin halaka kansa, amma kwanansa na gaba, ya rayu. A 1875 ya sake aure, ya auri Olga, wadda ta zama abokiyar zamansa kuma mataimakiyarsa a ɗakin bincike har ƙarshen ransa. Ita ma a 1880 zazzaɓin taifot ya kusa kashe ta.

Ana nan sai aka kashe Sarkin Rasha, Alekzanda na Biyu, a 1881. Hukuma ta matsa wa jami'o'i lamba, malamai da ɗalibai suka shiga halin tsoro. Mecnikof ya ga ba zai iya aiki cikin wannan hali ba, sai ya ajiye aikinsa a 1882, ya kwashi iyalinsa suka tafi Mesina, wani gari a bakin teku a tsibirin Sisili na Italiya. Can ya kafa madubinsa a falon gidan da suka kama haya.

Ƙaya da tauraruwar teku

Akwai wata halitta a teku mai hannuwa biyar da a ke kira tauraruwar teku. Jinjirinta garau ya ke kamar gilashi, mutum yana iya ganin duk abin da ke gudana a cikinsa ta madubi ba tare da ya yanka shi ba. A ƙarshen 1882, wata rana iyalinsa sun tafi kallon wasan birai, shi kaɗai ya rage a gida, yana kallon waɗansu ƙwayoyi masu yawo a jikin jinjirin nan. Sai tunani ya zo masa: ƙwayoyin da ke iya haɗiye abinci, me zai hana su haɗiye abokin gaba in ya shigo jiki? In haka ne kuwa, to, duk abin da aka soka wa halittar nan, za su taru a kansa.

Ya fita lambu ya tsinko ƙayoyin furen wardi, ya soka su a jikin jinjirayen, ya kwana bai runtsa ba. Da gari ya waye ya duba, sai ga ƙwayoyin nan sun yi wa ƙayar zobe, sun yi cincirindo a kanta.

Don mu gane girman wannan abu, sai mu tuna da abin da kowannenmu ya sani. In ƙaya ta soki mutum a ƙafa ta karye a ciki, wurin yakan kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Likitocin wancan zamani sun san akwai fararen ƙwayoyin jini a cikin mugunya, sun kuma ga bakteriya a cikin fararen ƙwayoyin. Amma da yawansu sun ɗauka bakteriya ne ke shiga ƙwayoyin su mai da su abin hawa, su yaɗu cikin jiki. Mecnikof ya juya maganar gaba ɗaya. Ya nuna fararen ƙwayoyin nan sojoji ne, su ke kai hari su cinye bakteriya, kumburi fagen fama ne, mugunya kuwa galibinta gawawwakin sojojin da suka mutu a wurin ne. Wani shehun malami a Biyana, Carl Claus, ya ba shi shawarar sunan da za a kira su da shi daga harshen Girkanci, watau fagosait, ma'anarsa ƙwaya mai ci.

Bai tsaya nan ba. A 1884 ya yi nazarin wata 'yar halitta da a ke kira ƙumar ruwa, ita ma jikinta garau. Akwai wani irin yisti mai tsini kamar allura da ke kama ta. Ya ga da idonsa in fagosait suka yi nasarar cinye yistin, ƙumar takan rayu, in kuwa yistin ya fi ƙarfinsu, sai ta mutu. Mutumin da bai taɓa karatun likita ba, ga shi ya buɗe wa likitoci wata babbar ƙofa ta sanin garkuwar jiki.

Zamansa a Faris da gardamar masana

A 1886 aka ba shi shugabancin wata tashar bincike a Odesa, inda a ke yi wa waɗanda mahaukacin kare ya ciza allurar da Louis Pasteur ya ƙago. Likitocin garin ba su sake masa ba, suna ganin wanda ba likita ba bai kamata ya shugabance su ba. Sai ya nemi wurin da zai yi aiki cikin kwanciyar hankali. Pasteur ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi ɗakin bincike a sabuwar cibiyarsa ta birnin Faris. Ya koma can a 1888, ya zauna shekara 28, har ya zama mataimakin shugaban cibiyar a 1904.

Amma fa ba a bar shi ya huta ba. Manyan masanan Jamus, har da Robert Koch wanda ya gano ƙwayar tarin fuka, ba su yarda da maganarsa ba. Su a ganinsu ruwan jini ne ke kashe cuta, ba ƙwayoyin da ke cikinsa ba. Kuma suna da hujja mai ƙarfi, domin a 1890 Emil Behring ya nuna ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana karya dafin cutar maƙarau da na sandarewar wuya. Ga shi kuma tsakanin Faransa da Jamus akwai tsohuwar gaba tun yaƙin 1870, sai gardamar ilmi ta gauraya da kishin ƙasa. Aka shekara fiye da goma ana ja-in-ja a tarurruka da mujallu. Duk hujjar da aka kawo masa, sai Mecnikof ya koma ɗakin bincike ya yi sabon gwaji ya ba da amsa, ko da ya ke abin yana hana shi barci.

Daga baya ta bayyana kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. A 1903 wani likitan Ingila, Almroth Wright, ya nuna akwai abubuwa a ruwan jini da ke shafe jikin bakteriya, su sa fagosait su fi saurin haɗiye su, kamar yadda miya ke sa tuwo ya wuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1908 aka raba lambar yabo ta Nobel tsakanin Mecnikof da Paul Ehrlich, ɗaya daga cikin jagororin ɓangaren Jamus.

Daga kwalara zuwa ƙwaryar nono

A 1892 annobar kwalara ta ɓarke a Turai. Mecnikof ya so ya san dalilin da ya sa cutar ke kama wani ta bar wani, alhali rijiya ɗaya su ke sha. Sai ya yi wata kasada wadda ba wanda zai yarda a yi irinta yau: ya sha ruwan da ya cika da ƙwayoyin kwalara. Ko ciwon ciki bai yi ba. Waɗansu suka ba da kansu suka sha, ɗaya daga cikinsu ya kamu, ya kai bakin kabari kafin ya farfaɗo. Wannan ya girgiza Mecnikof ƙwarai. Da ya koma gwaji a faranti, sai ya ga waɗansu bakteriya suna hana ƙwayar kwalara yaɗuwa, waɗansu kuwa suna taimaka mata. Daga nan ya fara zaton bakteriyan da ke zaune a hanjin mutum suna da hannu a lafiyarsa da rashinta.

Da girma ya fara kama shi, sai hankalinsa ya koma kan tsufa. Shi ne ya ƙago sunan da a ke kiran ilmin nazarin tsufa da shi a harsunan Turai, a 1903. Ra'ayinsa shi ne, babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar ƙafa biyar, matattara ce ta bakteriya masu ruɓar da abinci, su kuwa suna fitar da dafi kaɗan-kaɗan yana shiga jini, shi ke tsofar da mutum tun lokacinsa bai yi ba. Ya kafa hujja da tsuntsaye irin su aku, masu gajeren babban hanji da tsawon rai. A ganinsa, in aka magance dafin nan, mutum zai iya wuce shekara ɗari da ƙarfinsa.

To, ina maganin? Ya lura nama yana ruɓewa ya yi wari, amma madara in ta kwana tsami ta ke yi, tsamin nan kuma yana hana ta ruɓa. Ya kuma sami labarin ƙauyawan Bulgeriya, masu shan nono kullum, an ce akwai tsofaffi tukuf da yawa a cikinsu. Sai ya ce in aka shigar da bakteriyan nono cikin hanji, tsamin da su ke yi zai kori masu ruɓarwa. Ya bayyana wannan a wata lacca a Faris cikin watan Yuni, 1904. A 1905 wani ɗalibin likita ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, da ke karatu a Janiba, ya ware ainihin bakteriyan da ke cikin nonon ƙasarsu. A 1907 Mecnikof ya fitar da littafi a kan tsawaita rai. Shi kansa kullum sai ya sha nono, amma sai an tafasa madarar tukuna, sa'an nan a zuba mata irin bakteriya mai tsabta.

Jaridu suka ɗauki magana suka ƙara mata gishiri. Mutanen Faris da Landan da Niyok, waɗanda da ba su san nono mai tsami ba, suka yi ca a kansa, har a kantin magani a ke sayar da shi. Wani ɓangaren ra'ayin kuwa ya jawo ɓarna, domin waɗansu likitocin fiɗa, musamman Arbuthnot Lane na Landan, sun riƙa yanke wa marasa lafiya babban hanji a kan zaton shi ne tushen cututtukansu, aka yi asarar rayuka kafin a daina.

Rasuwarsa

A 1909 ya ziyarci Rasha, har ya wuni a gidan shahararren marubucin nan Tolstoy suna tattauna al'amuran rayuwa da mutuwa. A 1913 ciwon zuciya ya buge shi. Shekara ta zagayo sai Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, aka kwashe samarin cibiyar zuwa fagen fama, ɗakunan bincike suka zama kango. Wannan ya karya masa zuciya, gama ya daɗe yana fatan ilmi zai raba 'yan Adam da wahala, ga shi yana gani ana amfani da ilmi wajen kisa. Ya rasu ran 15 ga watan Yuli, 1916, yana da shekara 71. Kafin ya cika ya roƙi abokan aikinsa su duba hanjinsa da kyau bayan mutuwarsa. Bisa wasiyyarsa aka ƙone gawarsa, aka ajiye tokar a ɗakin karatu na cibiyar Pasteur. Matarsa Olga ta rubuta tarihinsa, aka buga a 1920.

Masu yi masa dariya suka sami abin faɗi, tun da mai maganin tsufa bai kai ko tamanin ba. A farkon shekarun 1920 kuma masana a Amurka suka nuna bakteriyan nonon Bulgeriya ba sa iya kafa zama a hanjin mutum, wucewa kawai su ke yi. Likitoci suka yi watsi da maganar dafin hanji. 'Yan kasuwa dai ba su saki nono ba: a 1919 aka kafa kamfanin Danone a Basalona ta ƙasar Sifen, a 1935 kuma aka fara sayar da Yakult a Jafan.

Abin da aka gano bayansa

Kwanci tashi, ilmi ya sake komowa kan hanyar da ya nuna. A 2016 masana suka ƙiyasta jikin babban mutum yana ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, watau miliyan sau miliyan har sau 38, galibinsu a babban hanji. An gane Mecnikof ya yi kuskure da ya ɗauki hanjin nan wurin banza. Shi ke tsotse ruwa ya mayar wa jiki, kuma bakteriyan da ke cikinsa suna narkar da dusar hatsi da ganye da wake, su fitar da wani sinadari mai suna butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon hanjin. Amma a kan cewa mazaunan hanji suna da hannu a lafiyar mutum, kuma ana iya gyara su ta hanyar abinci, nan kam ya yi gaskiya. Rayayyun bakteriya masu amfani da a ke ba mutum don lafiyarsa su a ke kira furobayotik, kuma a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka tsai da ma'anar kalmar.

Sai dai mai rai yana da wuyar sha'ani. Zafi yana kashe da yawansu, don haka sukan bukaci firiji tun daga masana'anta har gida, abin da ba kowane gari ke samu ba. Ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kuma, ko na ƙwarai suna iya ƙetarawa cikin jini su zama cuta. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci game da ba bakwaini rayayyun bakteriya, bayan wani jariri ya mutu ta wannan hanya.

Nan ne wata tambaya ta taso: shin dole ne sai suna da rai kafin su yi amfani? Amsar ita ce ba kullum ba. A 2021 wata ƙungiyar masana ta duniya ta tsai da ma'anar kalmar fosbayotik, watau haɗin da aka yi da matattun ƙananan halittu, ko sassan jikinsu, wanda aka tabbatar yana amfanar lafiya. Galibi da zafi a ke kashe su, wani lokaci a bar su tare da ruwan da suka girma a ciki.

Yaya matacce zai yi aiki? A nan ne binciken Mecnikof guda biyu suka haɗu. A bangon hanji akwai ɗimbin sojojin garkuwa, har da fagosait ɗinsa. Su kuwa da alamomin da ke jikin bakteriya su ke gane su, kamar yadda soja ke gane wani sojan da kakinsa, ko mai kakin yana da rai ko babu. An gano na'urorin ganewar nan a shekarun 1990, har Jules Hoffmann da Bruce Beutler suka sami lambar Nobel a kansu a 2011. In sojojin suka taɓa gawar bakteriya mai amfani, wani lokaci sukan ƙara shiri, wani lokaci kuma su lafa in da ma sun yi zafi fiye da kima. Waɗansu gawawwakin kuma sukan manne a bangon hanji su tare wa masu cuta wurin kamawa.

An yi gwaje-gwaje a kan mutane. Tun a 1907, shekarar da littafin Mecnikof ya fito, wani likitan Faransa, Pierre Boucard, ya ware waɗansu bakteriya masu yin tsami, waɗanda daga baya aka riƙa kashewa da zafi a yi maganin gudawa mai suna Lactéol da su. A 2020 aka buga sakamakon wani gwaji a Jamus a kan mutum 443 masu fama da murɗawar ciki da kumburi na kullum. Bayan mako 8, kashi 34 cikin ɗari na waɗanda aka ba matattun bakteriya sun sami sauƙi, a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta kuwa kashi 19 ne. A 2019 masana a Beljiyam suka gwada wani bakteriyan hanji mai suna Akkermansia a kan masu ƙiba har wata 3, suka ga wanda aka kashe da zafi ya taimaki jiki wajen jin aikin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Amma mutum 32 kaɗai suka kai ƙarshen gwajin, don haka somin taɓi ne.

Lissafin nan yana koya mana taka-tsantsan. Ko a gwajin Jamus, mutum biyu cikin uku ba su sami sauƙin da a ke nema ba. Kuma amfanin da aka tabbatar ga wani irin bakteriya ba ya zama hujja ga wani. Saboda haka ba duk kwalbar da aka rubuta wa wannan suna ta cancanci kuɗin iyayenmu ba.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga abincin da bakteriya suka sarrafa. Nono da kindirmo suna ɗauke da rayayyu. Kamun da a ke jiƙawa ya yi tsami, in aka kwara masa tafasasshen ruwa ya zama koko, yawancin bakteriyansa sun mutu amma suna ciki. Haka daddawa in ta dahu a miya. Sai dai masana ba sa kiran abinci fosbayotik sai an gwada shi a kan mutane an ga amfaninsa a fili. Wannan fage ne da ke jiran masu bincike, watakila ma daga cikin masu karanta mujallar nan.

Kafin nan, akwai abu biyu da ya kamata kowane gida ya riƙe. Na farko, a tafasa madara kafin a sa ta kwana, kamar yadda Mecnikof ke yi, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cuta daga saniya, har da wani irin tarin fuka. Na biyu, in gudawa ta kama yaro, abin da ke ceton ransa shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki, da ci gaba da ba shi mama da abinci, da hanzarta kai shi asibiti in abin ya yi tsanani. Babu nono ko fosbayotik da zai maye gurbin waɗannan.

'Yan'uwana ɗalibai, Mecnikof bai sami maganin tsufa ba, kuma babu wanda ya samu har yau. Amma da ƙayar fure da madubi ɗaya, a falon gidan haya, ya gano sojojin da ke tsaron jikin kowannenmu, domin ya saba duba ƙaramin abu da kyau tun yana yaro, kuma in aka musa masa yakan koma ya sake gwadawa. Inda ya yi daidai, gwaji ne ya tsaya masa. Inda ya yi kuskure kuwa, zato ne ya riga gwaji, waɗanda suka zo bayansa suka gyara. Sai mu riƙa tunawa da wannan duk ranar da aka shiga da mu ɗakin kimiyya. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani da lafiyar yin aiki da shi, amin.